Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Bayyana Asalin Taurari a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk marubucin da ya ɗauki alƙalami zai ƙaga labari, akwai wata matsala da take jiransa tun a shafin farko. Mutanen da zai sa a cikin labarin ba ranar da labarin ya fara aka haife su ba. Suna da iyaye, suna da garin da suka fito, akwai abin da aka yi musu da abin da suka yi wa wasu, kuma sau da yawa wannan abin da ya wuce shi ne yake tuƙa abin da ake ciki. Idan marubuci ya ɓoye shi duka, mai karatu zai ga mutane suna fushi suna kuka bai san dalili ba. Idan kuwa ya juye shi gaba ɗaya a wuri guda, sai labari ya tsaya cik, mai karatu ya ƙosa, ya tsallake shafuka ko ma ya ajiye littafin.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda marubutan zube na Hausa suka yi fama da wannan matsala, tun daga gasar 1933 har zuwa zamanin labaran da ake karantawa a wayar hannu. Abin da ake nufi da asali a nan shi ne duk abin da ya faru ga tauraro kafin lokacin da labari ya buɗe. Waiwaye kuwa shi ne komawar da marubuci yake yi ya ɗauko wannan abu. Ra'ayin da maƙalar take son kafawa shi ne cewa mai karatu yana iya jure waiwaye komai tsawonsa, muddin an riga an sa masa ƙishin jinsa. Abin da yake gundurarsa shi ne a ba shi amsar tambayar da bai riga ya yi ba.

2.0 Gadon da Marubuta Suka Tarar

Marubutan farko sun tarar da gado iri uku, kuma kowanne da yadda ya ɗauki asali.

Na farko shi ne tatsuniya. Ita tatsuniya ba ruwanta da asali. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, sai Gizo ya fito da yunwarsa da wayonsa, ba mai tambayar inda aka haife shi ko abin da ya mayar da shi makwaɗaici. Masu sauraro sun san shi tun kafin a fara, don haka babu abin da za a waiwaya a ɗauko.

Na biyu shi ne tarihi da kirari, inda asali yake gaba da komai. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda ya faro daga Bagauda, yakan gabatar da sarki da sunan ubansa, sau da yawa har da na mahaifiyarsa, kafin a shiga ayyukansa. Haka maroƙi yakan jero kakannin mutum kafin ya yabe shi. A zaman yau da kullum ma, ba a ɗaura aure sai an yi binciken asali, domin Bahaushe ya yarda cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wannan tunani, faɗin asalin mutum wani ɓangare ne na faɗin halinsa.

Na uku shi ne littattafan Larabci da malamai suke karantawa, musamman Alfu Laila da Muƙamat Hariri. Daga nan aka san dabarar labari cikin labari, wato wani ya zauna a gaban masu sauraro ya ba da labarin abin da ya same shi. Dabarar tsohuwa ce a duniya, domin ko a waƙar Odisi ta Girkawa, jarumin da bakinsa ya ba da labarin yawonsa a fadar da ya sauka, bayan an tambaye shi ko shi wane ne.

3.0 Gasar 1933: Asali a Bakin Mai Shi

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar ƙaga labarai, aka kuma fitar da littattafai biyar daga cikinta: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Abin lura shi ne yadda uku na farkon suka bi hanya kusan ɗaya wajen warware matsalar asali, wato suka sa shi a bakin mai shi.

Shaihu Umar ne ya fi fito da wannan a fili. Littafin ya buɗe da Shaihu yana babban malami a Rauta, kusa da Bauci, sai almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Dukan abin da ya biyo baya amsa ce ga wannan tambaya: mutuwar mahaifinsa, da auren mahaifiyarsa da Makau, da ƙullin da fadawa suka yi wa Makau har aka kore shi, da sace Umar yana yaro, da zamansa a hannun Abdulkarim Balarabe, da wahalar da mahaifiyarsa ta sha wajen nemansa har ta faɗa cikin bauta. Ke nan littafin kusan gaba ɗayansa waiwaye ne, amma bai yi wa mai karatu nauyi ba, domin tun a shafin farko an nuna masa wani abin mamaki, wato baƙon malami mai ilmi wanda ba a san inda ya fito ba, aka kuma sa almajirai suka yi tambayar a madadinsa. Dabarar tana da nata rauni. Shaihu yana ba da labarin abubuwan da suka faru yana jariri, da waɗanda suka sami mahaifiyarsa ba ya nan, sai dai mai nazari ya ɗauka cewa ya ji su daga baya. Mai karatu yakan yafe wannan, saboda hankalinsa yana kan ko uwa za ta ga ɗanta.

A Ruwan Bagaja, Koje Sarkin Labari ne mai neman labari, Alhaji Imam kuma mai bayarwa. Imam bai ɓata lokaci a kan asalin Alhaji ba. Ya faɗi abin da ya wajaba kawai: ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman wanda ya riƙe Alhaji ya ce ruwan Bagaja ne magani, aka kunyata shi a fada, yaro ya fita nema don ya wanke wannan kunya. Daga nan sai tafiya. Akwai kuma wata ƙaramar dabara da ta cancanci a lura da ita. Duk sa'ad da Alhaji ya sake karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, sukan tuna wa juna cutar da aka yi a garin baya cikin 'yan kalmomi, sa'an nan a ci gaba. Wannan waiwaye ne na ƙiftawar ido, wanda yake ɗaure sassan labarin ba tare da ya tsayar da shi ba.

Ganɗoki ya ƙara wani abu, domin asalin da yake faɗa ya haɗa da tarihin ƙasa, wato yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa. Da marubuci ne ya tsaya yana jero wannan tarihi da bakinsa, da ya zama darasin makaranta. Da yake jarumi ne yake faɗa cikin kirari da cika baki, sai tarihin ya zama wani ɓangare na halinsa.

4.0 Hanyoyi Biyu Dabam

Jiki Magayi ya kauce wa waiwaye ta hanyar fara labari daga tushe. Mai karatu ya ga yadda Malam Shaihu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainabu, ya ga rantsuwar ramuwa, sa'an nan ya ga yadda abin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure. A nan mai karatu ya san asalin masifar, tauraron ne bai sani ba. Abin da yake riƙe hankali shi ne jiran ranar da Kyauta zai ji gaskiya. Wannan ya nuna cewa tambayar da take jan mai karatu tana iya zama "me ya faru a baya?", tana kuma iya zama "yaushe zai sani?"

Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku daga 1937 zuwa 1939, ya bi wata hanyar. A farkon littafi na ɗaya Imam ya shimfiɗa asalin gidan Sarki Abdurrahman: rashin ɗa namiji, da kwaɗayin Waziri ga sarauta, da haihuwar Musa wadda ta rushe wannan buri. Bayanin gajere ne, kuma babu wani abu a cikinsa da bai yi aiki daga baya ba. Ba don wannan asali ba, da ba a fahimci abin da ya sa aku yake tsare Musa da labarai dare bayan dare ba. Ma'aunin da za a ɗauka daga nan shi ne, duk abin da aka faɗa na baya ya kasance akwai bashin da zai biya a gaba.

5.0 Daga NORLA zuwa Gasar 1982

Daga kafa kamfanin Gaskiya a 1945, zuwa hukumar NORLA a shekarun 1950, zuwa kamfanin NNPC a 1966, salon ba da labari ya ci gaba da sauyawa. Labarai suka riƙa barin duniyar aljanu da yawon ƙasashe suna shigowa rayuwar zamani, mai ba da labari kuma ya koma bayan fage, yana magana a kan taurari ba tare da wani ya zauna a gabansa ba. Gasar NNPC wadda ta haifar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980, da kuma gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya wadda ta fitar da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya da Zaɓi Naka a 1982, duk sun ƙarfafa wannan sauyi.

Sauyin ya zo da wahalarsa. Tun da babu almajiran Rauta, babu Koje, to wa zai yi tambayar? Ga shi kuma buƙatar asali ta ƙaru, domin jigogin zamani suna neman a bayyana abin da ya lalata mutum. Ba a fahimtar Ibrahim na Kitsen Rogo, littafin Abdulƙadir Ɗangambo, sai an san ƙauyen da ya baro ya shigo birni. Haka kuma ba a fahimtar Mailoma na Bature Gagare sai an san tashinsa cikin Maguzawa da abin da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya koya masa. Daga wannan lokaci nauyin ya koma kan marubuci shi kaɗai: shi zai haifar da tambaya a zuciyar mai karatu ta hanyar abin da taurari suke aikatawa, shi kuma zai zaɓi lokacin amsa ta.

6.0 Littattafan Kano da Sababbin Unguwanni

Daga tsakiyar shekarun 1980 rubutun zube ya fita daga hannun hukumomi. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, da Hukumar Ilmin Manya da Jihar Kano ta kafa a 1980, sun samar da ɗimbin masu karatun boko, musamman mata. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 kuma ya raunana manyan kamfanonin ɗab'i. Sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka bayyana. Wannan ne adabin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu.

A cikin wannan adabi ne wata al'ada ta kafu, wadda duk mai karanta shi ya san ta. Labari zai fara da zafinsa, wata budurwa tana kuka ko wani Alhaji yana faɗa, sai kwatsam a ga kanun magana a tsakiyar shafi: "Wace ce Wance?" ko "Asalin labarin" ko "Waiwaye adon tafiya". Daga nan sai a koma kan kaka, a faɗi garin da ya fito da sana'arsa da matan da ya aura, a jero 'ya'yan kowane ɗaki da sunayensu da waɗanda suka aura, har a gangaro kan tauraruwar. Kafin a dawo, mai karatu ya manta abin da ya sa take kuka.

Manazarta da yawa sukan yanke wa wannan hukuncin rashin ƙwarewa su wuce. Amma al'adar da ta daɗe haka tana da dalilai, kuma ana iya ganin ɗaya daga cikinsu a yanayin birnin Kano kansa. A cikin ganuwa, sunan unguwa ma yakan faɗi asali: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa na Larabawa. Idan aka ce wane ɗan gidan wane ne a unguwa kaza, an gama magana. Amma bayan da Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, gari ya faɗaɗa ya bi Titin Zariya, unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu haya daga garuruwa dabam-dabam. A irin wannan wuri, katanga ɗaya takan raba gidaje biyu da ba su san kakannin juna ba, kuma idan maganar aure ta taso sai an tashi takanas an je bincike. Labaran soyayya da na zaman aure na wannan zamani a irin wannan birni suke faruwa, kuma a irinsa ake karanta su. Ana iya cewa sashen "Wace ce Wance?" binciken asali ne aka mayar da shi rubutu. Marubuciya tana yi wa mai karatu abin da gwaggo take yi wa dangi kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.

Dalili na biyu na jigo ne. Labarin gida mai mata da yawa ba ya fahimtuwa sai an san wace ce uwargida, wane ne ɗan wane ɗaki, wa ya riƙe wa. Dalili na uku na kasuwa ne. Littattafan sirara ne, ana fitar da su kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ana sayarwa ana kuma ba da haya a shaguna, don haka dogon asali yana cika shafi, maimaita shi kuma yana taimakon wanda ya fara daga tsakiya.

Sanin dalili bai kawar da aibi ba. Aibin shi ne an raba asali da tambaya. Waɗanda suka ƙware a cikin marubutan ba su faɗa wannan rami ba. A Alhaki Kuykuyo Ne, ba sai an jero kakannin Rabi ba kafin a tausaya mata. 'Ya'ya tara da take fama da su, da ƙwauron da Alhaji Abdu yake yi wa gida alhali yana kashe kuɗi a waje, sun isa su faɗi irin zaman da aka yi shekara da shekaru. Abin da ya wuce yana nan a cikin tukunyar da ba ta isar gida.

Misali na ƙage zai ƙara fito da bambancin. A ɗauka wani saurayi ya zo neman aure a wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi, uwar yarinya ta ƙi. Hanya ta farko ita ce a tsayar da labari a ba da tarihin uwar tun daga haihuwarta. Hanya ta biyu ita ce a nuna ta tana fara'a da baƙi, har sa'ad da aka ambaci garin da saurayin ya fito, sai ta yi shiru, ta tambayi sunan kakansa, ta tashi ta shiga ɗaki ba ta ƙara fitowa ba. Yanzu yarinya tana son ta san dalili, mai karatu ma haka. Duk ranar da wata tsohuwa a dangi ta buɗe baki, ko shafi goma ta ci ba wanda zai tsallake. Bayanin da za a ba da ɗaya ne a hanyoyin biyu, wurin da aka ajiye shi ne ya bambanta.

7.0 Fim, Rediyo da Wayar Hannu

Sababbin kafofi sun sake matsa wa marubuci. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sana'ar fim ta bunƙasa a Kano, ofisoshinta da yawa suka taru a Titin Gidan Zu, wanda ya taso daga wajen Gyaɗi-Gyaɗi, marubuta da dama kuma suka koma rubuta fim. Fim ba ya ɗaukar jerin sunayen kakanni, dole a nuna abin da ya wuce a aikace ko a sa shi a bakin wani. Karanta littattafai a gidajen rediyo ma ya tona asirin dogon asali, domin mai sauraro ba shi da ikon komawa baya ya duba wane ne ɗan wa.

A labaran da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, tsohuwar al'adar ta sami sabon gida, har kanun "Asalin labarin" yana nan daram. Amma a ɗaya gefen, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, ta zo da ƙa'idar kada labari ya wuce kalmomi 1,500. A irin wannan fili babu wurin kaka da kakan kaka. Dole asali ya shiga cikin jimla ɗaya, ko tabon da ke hannu, ko sunan da aka ƙi ambata.

8.0 Kammalawa

Daga wannan tarihi ana iya fitar da ma'auni uku waɗanda malami zai iya ba ɗalibansa, ko mai nazari ya auna littafi da su. Na farko, kafin waiwaye ya zo, shin akwai wanda ya tambaya, ko a cikin labarin ko a zuciyar mai karatu? Na biyu, a bakin wa aka sa shi, kuma me mai faɗar zai samu ko zai rasa idan ya faɗa? Na uku, cikin abubuwan da aka faɗa, wanne ne ya yi aiki daga baya, wanne ne za a cire labari bai girgiza ba?

Waɗannan ma'aunai daga cikin adabin Hausa suka fito, don haka babu buƙatar a umarci sabon marubuci ya yi watsi da asali don kawai wasu al'ummu ba su damu da shi ba. Mai karatun Hausa yana son ya san tushen mutum, kuma yana da hujjarsa, tun da tushiya ce mafarin dawa. Abin da ya kamata a koya wa marubuci shi ne haƙurin Shaihu Umar, wanda ya zauna a Rauta yana karantarwa bai ce wa kowa komai game da kansa ba, sai ranar da almajiransa suka tambaye shi. Akwai kuma aiki a gaban ɗaliban manyan digiri, wato su tattara littattafan shekarun 1990 tun ba su ɓace ba, su auna inda sashen asali yake faɗowa a cikinsu da yawan shafukan da yake ci, domin a san lokacin da al'adar ta kafu da marubutan da suka fara kauce mata.